Ranar da Na Ƙi Hura Wuta

Ƙannena mata biyu suna da wata ɗabi'a: in za su yi maganata ina zaune, sai su juya harshe zuwa Turanci. Ni ce babba. Ni na bar makaranta lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, na riƙe murhu, su suka riƙe biro. Ban taɓa yi musu gori ba. Amma duk sallah in muka haɗu a gidanmu na Ƙofar Taramniya, sai in ga sun kalle ni, sun kalli juna, sun yi 'yan maganganunsu, dariya ta biyo baya. In na tambaya, ƙaramar ta ce, "Ba komi Yaya, zancen aiki na."

Abin ya daɗe yana cina. Ban koyi Turanci don jarrabawa ba. Na koya ne don in ji abin da ake faɗa a kaina, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Maƙwabciyata a Unguwar Rogo Bayarabiya ce, ungozoma a wani asibiti. Tana son Hausar ciniki, ni ina son Turanci, sai muka yi musaya. Ita ta kafa mini doka: kada in ɗauki komai a gida sai na kira sunansa da Turanci. Tukunya, tsintsiya, gishiri, ashana. In na manta, in leƙa ta katanga in tambaya. Akwai ranar da miya ta kama ina tsaye a kanta, sunan ludayi ya ɓace mini. Maigidana ya sha ƙauri, sai washegari ya tambaye ni ko Turawa ma haka suke ƙona miya. Da muka gama da kayan gida muka shiga su wari, kunya, baƙo, ɓoyewa. Waɗannan ni na zaɓe su, don na san inda za su yi mini rana. A gidanmu ban gaya wa kowa ba.

Sai aka sa bikin ɗiyar mai bi mini. Dangin ango manyan 'yan boko ne daga Abuja. Ana gab da biki muna zaune a ɗakin mahaifiyarmu ina tsince shinkafa, ƙannen nawa suka juya harshe. Ban kama duka ba, kalmomin ɗaya-ɗaya suke faɗo mini kamar tsakuwar da nake tsinta. Baƙi. Kunya. Ɓoye ta. Sannan ƙaramar ta yatsine hanci ta faɗi kalmar da na koya a gaban murhuna: "smoke". Hayaƙi ke nan. Wai warin hayaƙi nake yi, a bar ni can wajen tukwane kada in fito gaban baƙi. Hayaƙin da ya ciyar da su har suka gama jami'a.

Na ci gaba da tsince shinkafata. Har murmushi na yi musu.

A danginmu tukunyar biki tawa ce. Ba a sa ni, ba a tambaya ko zan yi, da asuba kawai ake ganin wuta ta kama. Saboda haka babu wadda ta yi tunanin ɗaukar masu girki. Ranar wuni na dafa wa amarya da mahaifiyarmu nasu a gidana na zuba a kula, don su ba su yi mini komai ba. Na yi wanka, na turara leshina, na iso da hantsi na zauna a kujerar gaba cikin rumfa.

Uwar amarya ta zo da sauri. "Yaya, mi yas same ki? Ba a hura wuta ba, ga baƙi sun taso."

"Awo, na gani. Yau ni ma baƙuwa ta."

"Don Allah Yaya, wa za shi tuƙa tuwon ga?"

"Ku biyu. Muciya na nan inda nib bar ta."

Suka tuɓe gwala-gwalai suka shiga. Itacen ɗanye ne, ni kuwa ban faɗa musu inda busasshen yake ba. Ina zaune kusa da uwar ango muna hira, mace mai kirki, Hausa ma muka yi ta yi. Jefi-jefi ina jiyo tarinsu daga cikin gida, kuma wallahi daɗi nake ji.

Sai bayan la'asar abinci ya fito. Ƙaramar ce ta kawo tiren gabanmu, idanu jajur, kwalliya ta narke, ɗaurin kai ya karkace. Da ta sunkuya za ta ajiye, na matso na shinshina kafaɗarta, na raɗa mata a kunne, "Smoke."

Ta ajiye tiren. Ta ɗago ta kalle ni, na ga tana tuno duk sallolin da suka wuce, tana son ta san tun yaushe nake ji. Ban faɗa mata ba, har yau kuma ba ta sani ba. Na wanke hannu na ci tuwon, da gudajinsa da komai.