Mutum huɗu da kare

Ranar wata Litinin a watan Nuwamba, shekarar da muke aji biyar na firamare a unguwar Bukoki, malaminmu Sani, da muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya tsaya gaban allo riƙe da littafin rubutuna, ya ce kowa ya yi shiru ya ji yadda ake aiki. Rabi na zaune kusa da ni, gwiwarta na taɓa tawa, sai murna take yi mini.

Rabi ɗiyar ƙanen babana ce. Mahaifinta ya rasu tana da shekara biyu, aka kawo ta gidanmu daga Tawa, kuma ban san wata rayuwa da babu ita ba. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Tare muke bin layin famfo da asuba, tare muke kai niƙa, tare muke gaɗa a ƙofar gida har Inna ta leƙo ta ce, "Ku biyun nan, ku shigo kafin in fito." A unguwa babu mai bambance wadda aka haifa a gidan da wadda aka kawo.

Littafin karatunmu na Faransanci kuwa iyali guda ya sani: uba da jarida, uwa da faranti, yaro da yarinya a kan kujeru, kare kwance ƙarƙashin tebur. Mu uku ke raba littafi ɗaya a benci, mun kalli hoton nan har ya dushe. Da aka ce kowa ya bayyana iyalinsa, na rubuta abin da na sani. Na sa Kaka da carbinta, da yayyena uku, da Rabi, da Kawu Ali mai gyaran keke da ke kwana a zaure. Na samu uku bisa goma. Mushe ya ce, "Iyali na tambaye ki, ba jama'ar unguwa ba. Koma ki duba littafi."

Na koma na duba. A karo na biyu na rage mu zuwa huɗu: Baba, Inna, ni da ƙanena Musa. Na ba mu tebur da cokula, na ƙirƙiro kare na sa masa suna. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma ji wani nauyi a zuciya ba. Maki nake so.

Wannan aikin ne Mushe ya karanta da ƙarfi ranar, yana tsayawa yana yaba kowace jimla. Na ji lokacin da gwiwar Rabi ta janye daga tawa. Aka ba ni tara, aji ya tafa, ita ma ta tafa.

A hanyar gida ni da Rabi muka wuce mai tuyar ƙosai. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Hadiza, har karen ma kin sa masa suna."

Ba mu yi faɗa ba. Amma daga wannan makon, idan baƙo ya tambaye ta ɗiyar wa ce, takan ce, "Riƙona ake yi a gidan." Inna ta yi ta mamakin inda ta samo maganar, ni kuwa ban taɓa faɗa mata ba.

Yau Rabi na aure a unguwar Kirkisoye, hayin kogi, gada kawai ke tsakaninmu. Muna haɗuwa a biki da suna, tana gaishe ni da ladabin da ake yi wa ƴan uwa na nesa. Littattafan ƴaƴana sun canza, akwai kaka a cikinsu, akwai tabarma, akwai gida cike da mutane, kuma babu malamin da zai rage wa yaro maki don ya lissafa mutanen gidansu. Nakan yi musu murna. Mu dai gyaran bai riske mu ba.