Rubutun Rabi a Ƙofar Tiyata

Har gobe ina tuna safiyar da aka yi wa Rabi aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, wajen Dawakin Tofa, kuma ni aka tura in raka ta da danginta babban asibiti a birni.

Rabi shekarunta sha ɗaya. Tari ya ƙi jin magani, ko tulu ta ɗauka sai haki. Hoto ya nuna ƙari a ƙirjinta yana danne huhu. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, irinsa ma ba kasafai ake gani ba, amma in ba a cire ba numfashinta zai yi ta ƙuntata. Tun kafin shuka muke jiran layi.

Dokar tiyata kuwa, ba ci ba sha kafin a sa mutum barci, don kada abin ciki ya dawo ya shiga huhu. Na faɗa, na maimaita. Ina juyowa sai ga kakanta Malam Sule, mai makarantar allo a unguwarmu, ya cika kofi da rubutu. Ya ce jikarsa ba za ta shiga hannun masu wuƙa ba sai da shi, ai wannan ba abinci ba ne.

Ku abokan aiki kun san ni da gajen haƙuri. Na durƙusa dai, amma na riƙe kofin gam.

"Baba Malam, in ta kurɓa, yau babu aiki. Mu koma gida sai bayan kaka, ita kuma ka ji numfashinta."

Ya ce, "Ke Hadiza, a gabana kika koyi baƙi."

"Shi ya sa na san kana ba da na shafawa. Da Innata ta yi ciwon kai, shi ka ba ta."

Sai ya tsoma hannu ya shafa wa Rabi a ka da fuska. Na hana a taɓa ƙirjin, don an riga an wanke. Ragowar muka rufe.

An cire ƙarin duka. Da likita ya ce ta fara shan ruwa, kofin nan na fara miƙa mata, Malam na kallo. Bana ita ke kai abinci gona da gudu.

Ku da kuka shigo aikin nan, kada ku sassauta dokar tiyata ko na kurɓi ɗaya. Amma mutanenmu ba sa sakin yaro hannu biyu babu abin da suka yi masa. Ku nemo musu abin yi.