Malam Zulkifli da Sunaye Arba'in da Ɗaya

Da hantsi Malam Zulkifli Kabo yake buɗe shagonsa da ke bayan kasuwar Kankia. Sai ya goge kwamfuta da gefen hularsa, ya yi bisimilla, sannan ya bi shafukan intanet na makarantun Islamiyya goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, daga na cikin gari har na ƙasar Kusada, yana dubawa ko wani ya kwana da ciwo. Shekara goma sha biyu ke nan yana wannan aiki. Shi ya haɗa 'yar manhajar da ake maƙala wa kowane shafi don ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon haddarsu. Yakan tattara fayilolinta ya ɗaure su ƙunshi guda, ya ɗora a kan shafi, kuma duk sanda zai danna maɓallin ɗorawa tafin hannunsa sai ya jiƙe.

Gajere tela, maƙwabcinsa, ba ya ƙyale shi. "Malam, wai kwamfutar nan cizo take? Na ga kana lallaɓa ta kamar kunama."

"Da cizo take ai da sauƙi," in ji shi. "Cizo yana warkewa."

Wata Laraba, saura kwana uku saukar karatu a wata Islamiyya ta Yashe, sai ga shugabar makarantar, Malama Haulatu, ta sauko daga babur ko sallama ba ta ƙarasa ba. Gajere ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba.

"Malam, na kashe kaina. Babu su. Babu ko ɗaya."

"Zauna, Malama. Mi ya faru?"

Ashe sabon ƙunshin da ya aika mata ne ta ce bari ta hutar da shi, ta ɗora da kanta. Ka'idar ita ce a ɗora sabo a kan tsoho, shi zai gyara kansa. Ita kuwa sai ta fara cire tsohon.

"Ai ba a rubuta sabon karatu a allo sai an wanke na jiya," ta ce. "Na wanke, na ɗora sabon, na buɗe, sai na ga fili fetal."

Abin da ya ɓace ba ƙarami ba ne. Mako uku alarammomi biyu suka yi suna sauraron hadda, ita tana shigar da maki kai tsaye a shafin, ba a rubuta komai a takarda ba. Ɗalibai arba'in da ɗaya suka ci, kuma da wannan makin za a buga musu shahada. Alarammomin sun koma garuruwansu. Iyaye sun gayyato dangi, wasu sun riga sun ɗaure rago. Kwafin da Malam Zulkifli yake ajiyewa na ƙarshen watan jiya ne, kafin a fara gwajin.

"Ranar Asabar mi zan ce wa iyayen yara? In ce na danna abu?"

Shi ma tsoro ya kama shi, kuma dalilinsa ya fi nata muni. Kowane ƙunshi yana ɗauke da umarnin abin da zai yi in an cire shi. Ƙunshin da ya fara haɗawa yana sabon hannu, in aka cire shi, share komai yake yi, har sunaye. A shekara ta uku abin ya dame shi. Shi ɗan gidan malamai ne a Ƙofa, ya tashi yana ganin in an wanke allo ba a watsar da ruwan a ƙasa, a ƙwarya ake tara shi. Sai ya sake rubuta umarnin, ya zama in an cire manhajar, bayanan su koma gefe cikin rumbun shafin, a liƙa musu kwanan wata. Ya bi makarantun yana sauyawa. To a makon ne mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, kuma har yau bai iya tuna ko ya gama duka goma sha bakwai ko a sha shida ya tsaya.

Ya juyo da kwamfutar, ya sa lambar sirri, ya kuskure. Ya sake, ya sake kuskurewa. Gajere ya bar kekensa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, wannan karon bai yi tsokana ba. A na uku ta karɓa, sai sabis ya tsaya, ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskar kwamfuta. Malama Haulatu ta dunƙule bakin hijabinta tana ta hasbunallahu. Shi kuwa yana lissafi a zuci: ya yi na Kankia duka, ya yi na Kusada, ya yi na Ƙofa. Yashe fa? Ya yi Yashe? Ya ga kansa yana gaya wa matar nan cewa laifin ba nata ba ne ita kaɗai, hannunsa ne ya haƙa ramin tun shekara tara.

Rumbun ya buɗe. Ya gangara ƙasa a hankali, layi bayan layi. Can ƙarshe ya ga ajiya mai kwanan watan ranar. Ya buɗe ta.

"Malama, karanta mini ta farko."

Ta matso, ta ƙura ido. "Ulfa Basiru. Izu sittin." Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"To ke kuma," in ji Gajere yana share nasa idon, "an samu ana kuka, an rasa ana kuka, yaushe za a sha shayi?"

Kafin azahar ya mayar da bayanan cikin sabuwar manhajar, suka ƙirga tare sau biyu, arba'in da ɗaya cif. Ranar Asabar aka kira yaran ɗaya ɗaya a Yashe, aka yi godiya ga alarammomi da masu kujeru da mai lasifika. Ba a ambaci sunansa ba, shi ma bai je ba. Yana shago yana buɗe sauran shafuka goma sha shida, yana duba umarnin cirewa na kowanne. A na goma sha huɗu, na wata makaranta a Boko, ya tarar da tsohon ƙunshin nan zaune, shekara tara, da sunayen yara sama da ɗari uku a ƙarƙashinsa. Lallai a sha shida ya tsaya. Gajere ya ce nan take ya gyara, sannan ya fita ya wanke fuska.

Malam, kai ne ka gaya wa shugaban makarantar Boko wannan magana da bakinka, alhali da ka yi shiru ba wanda zai sani har abada. Kai ne mai gadin da ba a ba shi sanda ba. Yanzu ido ya fara gajiya, ka miƙa aikin ga Amatullah, ɗalibarka, za ka koma gona a Ƙofa. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya kiyaye maka naka kamar yadda ka kiyaye na mutane.

Ku kuma da aka damƙa wa shafukan makarantu da asibitoci da ofisoshi, ku yi koyi da shi. Ku koma ku duba aikin da kuka yi kuna sabon hannu, yau, tun wani bai danna ba.