Rage wa Ganga Nauyi

Taubashina makaɗin gayya ne. Tun kafin ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyenmu yake bin manoma kunya-kunya da ganga a kafaɗa, ni kuwa na bi manyan motoci na bar gida. Da na tsufa na dawo, sai na tarar kafaɗarsa ta hagu ta gaji. In ya rataya gangar, kafin hantsi ya nemi gindin bishiya. Masu gayya suna jin nauyinsa, ba wanda ya ce masa komai, sai dai sun fara kiran wani makaɗi daga Dangora. Matarsa ce ta gaya mini tuwo ma ya rage ci.

Na goya shi a babur zuwa wurin wani masassaƙi a Ƙafin Maiyaki, da niyyar a yi masa sabuwa mara nauyi. A Ankara ta Gana da Kwatano na ga ganguna an shafe su da fenti suna ƙyalli kamar sabuwar mota, kuma irinsu na shiga zayyana wa mutumin.

"Ka ji shi," in ji taubashina. "Ya gama yawon duniya, zai saya mini ganga mai jan-baki."

"Kai da buhun ƙaiƙayi ke kayar da kai, har kana da zaɓi?"

Masassaƙin ya yi dariya, ya karɓi tsohuwar gangar ya tuɓe mata rigarta. Ban taɓa ganin kangon a fili ba sai ranar. Baƙi ne wuluk, ba fenti, man gyaɗa ne da gumin shekaru suka rina shi. Gefe guda ya yi santsi har ya ɗan lotsa, daidai inda yake gogar haƙarƙarinsa. Itacen ɗinya ne daga bayan gidan kakanmu, inda yanzu masunta ke wucewa da kwalekwale.

"Baba, sabuwa ba wuya," in ji masassaƙin. "Ko kuma in rarake wannan ta ciki, ta yi sauƙin ɗauka. Amma muryarta za ta tashi. Ba za ta koma yadda ka santa ba."

Taubashina ya daɗe yana shafa wurin nan mai santsi da tafin hannu.

"Bayanta fa?"

"Ba zan taɓa ba."

"To, ci cikin, ɗana. A hankali."

Bai yarda mu tafi mu dawo ba. Muka zauna a kan wani turmi da ba a gama ba, mutumin yana sassaƙa, ɓarɓashin yana zubowa fari tas kamar jiya aka sare itacen. In an ɗan rage, sai a miƙa masa ya ɗaga ya ji. Sau da yawa yana cewa ya isa, ni ina cewa a ƙara. A ƙarshe aka shafe ciki da man kaɗanya don kada ya tsage. Fatar akuya sabuwa kuwa sai da muka sake komawa aka ɗaura.

Gayyar farko a wata gonar dawa ce ta wajen Tudun Wada, ni na roƙa masa ita. Da ya sauke gula a kan fatar sai na ga fuskarsa ta motsa. Amon ya siranta, babu rugugin nan da muke ji a ƙirji muna yara. Wani manomi ya ɗago daga kan garmarsa.

"Baba, gangar taka ta koma budurwa ne?"

"Yi nomanka, malalaci, kunyarka ta karkace!"

Aka kwashe da dariya, ya shiga kirarinsu ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a inuwa ina jiran ya zo ya same ni. Bai zo ba sai da aka kira azahar, bayan an fitar da kunyar ƙarshe.

A hanyar gida yana zaune a bayana, gangar tana tsakaninmu.

"Ba muryarta ba ce," ya ce.

"To, mu koma a liƙa mata ɓarɓashin?"

Ya dungure mini ƙeya.

"Tuƙa mu, sarkin surutu. Ran Laraba ma sun ce in zo."