Duwatsu Ukun Kawu Maje

Shekara ashirin Kawu Maje yana tuƙa bas a unguwar Thamesmead, can ƙasar waje, amma kwazazzaban Azbin, inda ya girma, ba su bar kansa ba. Can ciki akwai idon ruwa da babu hanyar zuwa. Danginsu kaɗai suka san duwatsu ukun da ke nuna inda ake karkata. Sai da Hamdan, ɗan ƙanwarsa, ya rantse zai riƙe sirri, sannan ya zana masa taswira.

Bara Hamdan ya dawo daga can, ya miƙo waya yana murmushi. "Kawu, duba, mutum dubu sun yi downloading!"

Taswirar ce a intanet, ga duwatsun sun sha jan fenti.

"Rantsuwa fa ka yi, Hamdan."

Saura wasu idanun ruwa biyu da Maje ya sani. Da su za a binne shi.