Kunnen da Na Ara wa Baban Fanna

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Baban Fanna nake ce masa. Makanike ne a nan Gure, yana da wata tsohuwar mota da ya saya a hannun Turawan da suka zo haƙar rijiyoyi. Da ita muka ci, da ita muka aurar da ƴaƴa. Ranar kasuwar Kelle ta je Kelle, ranar Bune ta je Bune, da mutane da awaki da buhunan gero.

Motar karbureta biyu gare ta, wato maƙogwaro biyu da inji ke shaƙar iska da esansi, man mota ke nan, ta cikinsu. In bakinsu bai zo ɗaya ba, a guje ba a ganewa. Sai an ɗage ƙafa daga totur take kakari, ta yi rawar ɗari, ta mutu. Wannan numfashin da mota ke yi a tsaye shi suke kira ralanti. A kan kwalta lalacewarsa abin haushi ne kawai. A yashin hanyar Kelle kuwa, motar da ta mutu a gindin tudu ta zauna ke nan, fasinja na gasuwa a rana.

Da guntun tiyo yake gyaranta. Sai inji ya yi zafi, ya kwance sandar da ta haɗa karburetocin don kowace ta yi numfashinta ita kaɗai. Ya sa bakin tiyo a maƙogwaron wannan, ɗaya bakin a kunnensa, ya saurara, ya koma ga waccan, yana juya ƙusa kaɗan-kaɗan har shuuu ɗin biyu ya zama ɗaya. Kafin nan ya duba buji masu ba inji wuta, ya bi gindin karbureta yana neman inda iska ke satar hanya, don ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kunnensa ya fara mutuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na fara lura, da ya daina amsa sallama. Makaniken da ba ya ji, wa zai kawo masa mota? Bai ce ba, ban ce ba. Wata safiya na gan shi a tsakar gida, kapo, murfin injin, a buɗe, tiyo a hannu, ya daɗe bai taɓa komai ba. Na ajiye taɓarya na karɓe tiyon.

Ya ce, "Ke me kika sani a mota?"

Na ɗaga murya na ce, "Ba komai. Amma na san lugude. In mace ɗaya ta riga ɗaya a turmi, daga bayan danga nake ji."

Tunda ihu zai tona mana asiri ga maƙwabta, sai muka koma ga hannu. In ta dama ta fi haɗamar iska, in taɓa kafaɗarsa ta dama. In ta hagu ce, ta hagu. In sun daidaita, in shimfiɗa tafina a tsakiyar bayansa. Mutum ne mara fara'a, ni ma ba gwanar magana ba ce. Mun binne ƴaƴa biyu, mun ga fari, ba mu taɓa zama mun yi kuka tare ba. Hirar da ba mu yi a ɗaki ba, a gaban injin nan muka yi ta. Har ya koma ga Allah, garin Gure na yabon kunnensa.

Yau motoci sun canza. Yara na jona musu na'ura, ta nuna wa ido abin da ke ciwo. Wasu tsofaffi na zagin abin. Shi ba zai zaga ba, na san shi. Zai tsuguna ya yi ta kallo, ya ce ina ma ta zo tun yana da ƙarfi. Da ta zo, da bai nemi kunnena ba. Ban san ko da na yi murna ba.

Motar tana hannun ɗanmu Mamadu, shi ma yanzu magidanci ne. Yana da hannun ubansa, ba shi da haƙurinsa. Da ta fara mutuwa a tsaye, sai ya ƙara mata ralanti, tana gurnani tana shan esansi kamar raƙumi a rijiya. Bana ya ce zai sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kilo. Na ce ya kwance sandar, ya miƙo tiyo.

Na sa a kunne. Na koma ɗaya maƙogwaron. Na sake. Guguwa kawai nake ji, ba dama ba hagu. Nawa kunnen ma ya kama hanya.

Ban ɓoye ba. Na ce, "Karɓi. Ba na ji."

Ya dube ni, ya karɓa. Ya daɗe a sunkuye, har na zaci zai jefar. Can ya ce, "Inna, ta hagu ta ɗan fi."

Na ce, "To me kake jira?"

Motar ba za ta dawwama ba, kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa. Garejin Baban Fanna ya zama shagon cajin waya, sunansa ma sai tsofaffin direbobi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya bari ba shi da yawa, amma na gan shi da idona. Jiya wani ya kawo wa Mamadu babur yana ta bayani, baki har kumfa. Mamadu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam, yi shiru tukuna. Bari babur ɗin ya faɗa."