Goɗiyoyin Babana Goma Sha Biyu

Bara da bazara kakana na wajen uba ya zo Landan a duba masa gwiwa, ya zauna da mu a Barking wata biyu. Babana ɗan fari ne, don haka Kaka ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune kujera ɗaya, ni yake juyowa ya ce wa, "Uwar ɗakina, gaya wa wannan ya rage sanyin ɗakin nan." Sai in gaya wa Baba abin da ya riga ya ji da kunnensa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na zama wayar gidan.

A Landan an san Baba da dawaki. Aikin council yake yi, wato ƙaramar hukuma, yana duba takardun masu neman gida, amma duk wurin suna ko walima, da an ci shinkafa an ƙoshi sai ya kawo zancen goɗiyoyinmu da ke gida. Ina firamare su huɗu ne. Da na shiga sakandare sun kai goma sha biyu. Ban taɓa zuwa garinmu da wayona ba, don haka na yarda, har na rubuta su a wani aikin makaranta aka ba ni maki mai kyau.

A mako na biyu na tambayi Kaka wa ke kula da goɗiyoyin da ya taho. Ya daɗe yana kallona. Ya ce akwai shanun huɗa biyu, akwai jaka ɗaya mai taurin kai, ita ma idonta ɗaya ya fara mutuwa. Daga nan ya ce in miƙo masa goronsa.

Wata Asabar abokin Baba, wani likita, ya ce akwai bajekolin manoma a wani fili can bayan ƙarshen layin jirgin ƙasa, za a kawo manyan dawakin jan garma. Ya ce tunda Baba ɗan gado ne, sai ya zo ya yi mana bayani. Baba ya ce gwiwar tsoho ba za ta iya ba. Kaka ya ce min, "Gaya wa wannan gwiwar tawa ce." Likita kuwa ya riga ya yi booking.

Ban taɓa ganin dabba kamar ingarman da muka tarar a filin ba. Baƙi ne wuluk da farin goshi, gadon bayansa ya wuce kan Baba da hularsa. Kofatonsa ya kai farantin tuwon baƙi, farin gashi ya sauko ya rufe shi, an wanke an taje an barbaɗa hoda. An yi wa gezarsa kitso da jan zare. A jikin shinge an rataye allo da hotonsa da tsawonsa da sunayen iyayensa har kakan kaka, da bayanin cewa masu goɗiya za su iya kawowa a yi baye. Na karanta na sunkuyar da kai. Wata gajeriyar Baturiya mai jan kumatu ce ke riƙe da shi, takalmanta duk taɓo.

Kaka ya zagaya shi a hankali da sandarsa. Ya leƙa haƙora, ya shafa ƙirji. Ingarman ya sunkuyo ya shinshina rawaninsa, shi kuwa ko gezau.

"Tambaye ta, kadada nawa yake nomewa a wuni?"

Na tambaya da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Matar ta yi dariya ta ce wannan bai taɓa jan garma ba, ƙannensa da aka dandaƙe ne ke yi. Shi aikinsa a kawo masa goɗiya, sai zuwa gasa. Ta ce irinsu sun kusa ƙarewa, shi ya sa ake lallaɓa shi.

"To," in ji Kaka. "Ya ci, a taje shi, a ɗauke shi hoto. Ashe har dawaki suna samun aikin gwamnati a ƙasar nan."

Baba yana tsaye nesa da shingen, hannu a aljihu. Likita ya turo shi gaba yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga fa wurinka. Gaya mata." Baba ya gyara murya ya fara da Turanci. Ya ce a Najeriya yana da goɗiya goma sha biyu, ya daɗe yana tunanin inganta iri. Matar ta bar dariya. Ta ciro ƙaramin littafi da biro, ta ce yanzu ba sai doki ya yi tafiya ba, ana aika irin a daskare har ƙasashen waje. Ta fara tambaya: wane iri ne, shekarunsu nawa, wace ce ta taɓa haihuwa. Baba yana amsawa, gumi yana tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Kaka ya ja mayafina. "Me wannan yake ta zubawa?"

Da na ce masa maganar yanayi suke yi, da ya yarda. Na dubi Baba, na tuna makin da aka ba ni a kan dabbobin da babu su. Na raɗa wa Kaka duka, har goma sha biyun. Ya gyaɗa kai yana tauna goro.

Sai matar ta ce tsawon goɗiyar shi ne babban abu, domin in uwa ƙarama ce, ɗan irin wannan zai iya kashe ta wajen haihuwa. Baba ya ɗaga hannu daidai kafaɗarsa, ya ƙara ɗagawa, ya ɗan sauke. Ta ce a'a, a tambayi dattijon, ai shi ke tare da su. Ta dube ni. Likita ma ya dube ni. Baba ya dubi takalminsa.

Na maimaita tambayar da Hausa. Kaka bai rage murya ba.

"Gaya mata namu ƙanana ne, ba za su ɗauka ba. Babbar cikinsu, in ka cire kunnuwan, iyakarta cibiyata. Ga ta da kuka da asuba. In an dage an haɗa su, alfadari za a samu, kuma muna da ɗaya a Ingila, ya ishe mu."

Likita ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, ya yi kamar a waya ake kiransa. Ni kuwa na ce wa matar, "Ya ce sun yi ƙanƙanta."

Ta rufe littafinta. Ta ce dattijon ya san dabba, da kowa haka yake da an huta. Ta miƙa wa Kaka hannu, ta kuma ce ko Baba zai riƙe ragamar a ɗauke shi hoto. Baba ya ce yana da allergy, gashin doki yana sa shi atishawa.

Muka hau jirgin komawa gida. Likita yana ta kallon taga yana share ido. Can Baba ya ce min da Turanci, ƙasa-ƙasa, ba kowace magana ake fassarawa ba. Kaka ya tambaye ni me ya ce. Wannan karon na ce, "Ya ce sannu da gwiwa."

"Gaya masa yawwa."

Kaka ya koma gida da kaka ta kama. Bayan wata ɗaya, a wani taron suna a Peckham, wani ya tambayi Baba labarin dawaki. Likita yana gefensa da cokali a hannu. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce wata cuta ta shiga garin, cikin mako guda ta share su duka, ko ɗan dukushi bai tsira ba. Aka yi ta salati. Washegari mutum biyar suka zo gidanmu jaje, likita ne ma ya ja addu'ar, ya roƙi Allah ya mayar da ninkinsu. Ni na kai musu shayi.